Ƙidayar Sahura a Birnin Masu Kunne

Salamu alaikum jama'ar gidan nan! Ina masu karantawa su wuce sumul kamar ba su gani ba? Ina kallonku, wallahi. Da ku da masu aiko mini da "yau babu labari ne?" tun ban wanke fuska ba. To ga shi na kawo da zafinsa. Kowa ya gyara zama, mai cin gyaɗa ya rage ƙara, don yau laburare za mu shiga, kun kuwa san dokar wurin. Eh, laburare na ce. Kar wanda ya yi mini hamma.

A garin Tudun Marke, bayan tasha, akwai wani tsohon laburare, ginin dutse mai sanyi kamar randa. Mai kula da shi Malama Sahura ce, mace mai gilashi da igiya a wuya, irin waɗanda in ka yi tari a ɗakin karatu za su kalle ka ta saman gilashin har tarin ya koma inda ya fito. Abokin aikinta ɗaya ne, Hashimu. A takarda aikinsa jera littattafai. A zahiri kuwa aikinsa sanin lokacin da mai shayin bakin titi ya sauke tukunya.

Ana nan sai hedikwata ta aiko da takarda. Masu ƙidaya na tafe ranar Litinin. Za a duba kowane littafi da katinsa, a zuba komai a kwamfuta. Littafin da aka nema aka rasa, a yaga katinsa. Sashen da aka samu fiye da rabinsa ya ɓace kuma, a rufe shi a mai da shi sito.

Sahura na gama karantawa ta juya ta kalli ƙofar ɗakin yara. Ta san shi za a rufe.

Ɗakin nan kuwa ba ɗaki ba ne kawai a wurinta. Mahaifinta, marigayi Malam Sallau, shi ya riƙe laburaren kafin ita. Kowace Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa tabarmi, ya hau tsani ya buɗe wata 'yar taga can sama kusa da rufi, ya sauko ya hau karanta wa yara littafi da ƙarfi. In kura ce ke magana, muryarsa ta koma ta kura. In tsohuwa ce, har rawar baki yake yi. Yara sai sun cika ɗakin sun tsaya a baranda. A kan tabarmin nan Sahura ta girma. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Uwata".

Da ya rasu, karatun Asabar ya tsaya. Sahura ta gwada sau ɗaya, ta kasa. Aka kawo esi daga hedikwata, aka toshe 'yar tagar da katako don sanyi kar ya fita, esin kuma bai taɓa tashi ba har yau. Yara suka koma kan wayoyin iyayensu. Littattafan ɗakin suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa ganin ɓarawo. Amma abin da ke cin Sahura a rai, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba, shi ne ta manta muryar babanta. Fuskarsa na nan a hoto a bango. Muryar ce ta tafi. Kaset ɗaya da ke akwai, rediyo ta tauna shi tuntuni.

Ga wanda bai taɓa ganin ƙidayar laburare ba, aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tsaya gaban akwatin katuna, mai ƙananan durowoyi, ya zaro kati ya kira sunan littafi. Ɗayan yana bakin kanta, ya duba, ya amsa "akwai" ko "babu". Lokacin da Sahura take ƙarama ita ke kira, Baba na kan tsani yana amsawa. Shi kuma bai taɓa yaga kati ba. In littafi ba ya nan, cewa yake, "Bai dawo ba tukuna," ya sa ta mai da katin wurinsa.

Ranar Asabar suka fara gwajin ƙidayar, don kar baƙi su zo su same su a hargitse.

"Tulun Da Ya Ƙi Cika."

"Babu, Anti."

Ta rufe ido, kyat, ta yaga katin.

"Balbela Mai Mantuwa."

"Ita ma ta manta hanya, Anti. Babu."

Kyat.

Da yagaggun katuna suka fara taruwa a kwando, Hashimu ya dubi agogo. "Anti, bari in je in ga wani mutum a bakin titi."

"Mutumin nan mai buta da gwangwanin madara?"

"Anti, ke fa kin cika bincike."

Ya fice. Sahura ta zaro kati na gaba, bakinta ya riga ya saba, ta kira ita kaɗai a ɗaki: "Kura a Shagon Tela."

Sai wata siririyar murya ta amsa daga cikin durowa: "Yana wurinmu. In kuwa kika yaga wannan, 'yar Sallau, to ba ke ba zaman lafiya."

Jama'a, in ni ne, wallahi sai dai a tsinci takalmina a tasha. Ita kuwa ja da baya ta yi tana a'uziyya, sai ga wata tsaka fara fat ta fito daga tsakanin katuna, da ɗan zobe a wutsiya. Sahura ta sunkuya ta cire silifa.

"Ajiye takalminki, ya ke bil'adama," in ji tsakar. "Ni ce Jakadiyar Sarauniyar Birnin Masu Kunne. Littattafan da kike nema suna hannunmu, kuma Sarauniya tana da ƙara a kanki. In kina son ganinsu, jawo durowar nan, kar ki daina ja."

Sahura ta kalli ƙofa, ta kalli ɗakin yara. Ta kwashe sauran katunan sashen ta zuba a jaka, inda hatimin kwanan wata yake, da ƙosan karin kumallonta a naɗe cikin jarida. Ta yi bismilla ta ja. Durowar da ba ta fi kamu ɗaya ba ta dinga fitowa, tana fitowa, tana faɗi, har ta daki bangon can. A cikinta ga matattakala ta gangara ƙasa. Jakadiya ta haye kafaɗarta, suka sauka.

Suna fitowa ta ƙasa sai ga su a wani jan daji, ba itace ko ɗaya, sai suri, kowanne ya kai tankin ruwan gari tsawo. Ƙasa ta fara motsi. Gara! Kowace kamar ɗan akuya. Suka dare biyu, Sarkinsu ya fito, kansa kamar tulu.

"Wace ce ke tafe da ƙamshin tsohuwar takarda?" Ya shinshina. "Af. Ke ce mai fesa mana magani kowace damina. Kin kashe mini ƙanne, kin kashe mini surukai. Na surukan na yafe. Amma ba mai wuce ƙasata sai ya ba da takarda. Miƙo katunan jakar nan, na ji sun nuna."

"Ranka ya daɗe, waɗannan amana ce," in ji Sahura. Ta zaro takardar hedikwata ta miƙa. "Ga wannan, sabuwa dal."

Sarki ya gutsuri gefe, ya tauna, ya tofar. "Rubutun ofis! Ba mai, ba gishiri. Raini ne wannan?"

Rundunar ta matso. Sahura ta laluba jaka, hannunta ya faɗa kan jaridar ƙosai. Ta juye ƙosan, ta ɗaga jaridar, ta jiƙe sharkaf da man gyaɗa da yaji. Dajin ya yi tsit. Ta cilla ta can nesa. Ai kuwa sarki da talaka aka manta da sarauta, aka yi kanta, ana hawa kan juna. Jakadiya ta ce, "Yanzu ki nuna mini gudun bil'adama."

Ta nuna mata. Gilashi na lilo a wuya.

Daga nan suka faɗa wani fili da ba a ganin ƙarshensa, cike da kantocin littattafai. Jakadiya ta ce, "Nan ne Filin Hargitsi. Mayaƙa sun wuce shi lafiya, ɓarayi sun wuce shi lafiya. Irinku ne kaɗai yake kamawa. Duk abin da kika gani, kar ki taɓa. Wanda ya gyara ɗaya ba ya tafiya sai ya gama, kuma ba a gamawa."

Sahura ta ce a ranta, wannan ai mai sauƙi ne. Sai ta duba. Littafin girke-girke a tsakiyar na taurari. Ƙamus a kife, ƙafa a sama. Juzu'i na biyu a gaban na ɗaya, na uku ya jingina kamar mashayi. Yatsunta suka fara ƙaiƙayi. Gumi ya karyo mata. Ɗaya dai, ɗaya tak, wancan da ya leƙo waje, a ɗan tura shi ciki...

"Sannu da aiki, 'yata," wani ya ce. Wani tsoho ne a kan tsani, gemunsa ya sauko har ƙasa ya yi gammo. Rawaninsa irin na zamanin da ba wanda ya tuna. "Kama mini nan. Saura kaɗan in gama."

Sahura ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ta cire gyale, ta ɗaure hannuwanta biyu da haƙori, ta tura gilashin ya sauka daga hanci don komai ya zama dishi-dishi. Haka ta ratsa filin tana tafe tana istigfari. Muryar tsohon na bin ta: "Saura kaɗan fa!"

A ƙarshen filin wani kogi ne baƙi wuluk, ba ya ƙara ko kaɗan. Tawada ce zalla. Wani matuƙi mai dogon wuya yana jira a cikin ƙatuwar ƙwarya. Suka shiga, ya tura da gora.

"Ya ke baƙuwa, ki san dokar kogina tun yanzu," ya ce. "Yana barin murya ta shiga birni. Ba ya barin ta fita."

Sahura ta dafe wuya. "To ni da za ni koma?"

"Taki a ƙirjinki take, ba ruwansa da ita. Muryar da ba ta da ƙirji, ita yake karɓewa."

Ba ta gane ba. Sai da suka sauka.

Titunan birnin a shimfiɗe suke da auduga, don kar tafiya ta yi ƙara. Mutanensa aljanu ne dogaye, sirara, kunnuwansu kamar faifai, suna juyawa duk inda sauti ya fito. Ba kasuwa, ba kiɗa, ba mai tallar komai. Kowa ya nufi wuri ɗaya, wata ƙatuwar bishiya a tsakiyar gari. A rassanta littattafai ne ke reto a buɗe, a ƙarƙashin kowanne yaran aljanu sun yi da'ira sun baza kunnuwa.

Tun kafin ta ƙarasa ta ji.

"Sai kura ta ce wa tela, Malam, a sa mini aljihu babba, wanda zai ci cinyar rago..."

Sannan ɗan tarin nan, ehem, da yake yi kafin ya juya shafi.

Sahura ta zube a kan auduga. Muryar Baba ce. Ga kaurinta, ga dariyar da ke ɓoye a ƙarƙashinta. Daga wannan reshe yana kura, daga wancan yana tsohuwa, daga can sama yana waƙar kurciya da muryarsa da ba ta taɓa hawa daidai ba. Har ƙamshin tabarma da na alawar da yake rabawa sai da ta ji a hancinta.

"Ya ke Sahura 'yar Sallau, ɗago kanki."

Sarauniya ce a gindin bishiyar, tsohuwa, kunnuwanta sun sauko har kafaɗa, da mayafi mai sheƙi kamar bayan tafasasshiyar madara. Sahura ta durƙusa. "Ranki ya daɗe... shi ne?"

"Ba shi ba ne. Shi yana inda Ubangijinsa ya ajiye shi, Allah ya ji ƙansa. Wannan murya ce kawai da ta kama takarda, yadda hayaƙi ke kama tufa. Mu ba ma iya karatu. In muka kalli rubutun bil'adama, baƙaƙen sai su watse kamar kiyashi. Kunne aka ba mu. Kowace Asabar muna cika 'yar tagar saman nan, mu da 'ya'yanmu. Mahaifinki ya sani, don mu yake buɗe ta. Kuka toshe taga, kuka yi shiru. 'Ya'yanmu suka daina cin abinci. Sai muka ɗauko abin da ya karanta."

"Ba haka ake aro ba, ranki ya daɗe," in ji Sahura, hawaye na zuba amma aikin bai bar ta ba. "Ko kati ba ku cike ba."

Wasu dattawa suka kaɗa kunne don mamaki. Sarauniya ba ta yi dariya ba. Ta nuna wata tabarma a gefe. Littattafai ne a jere a kai, a rufe. Wata 'yar ƙaramar aljana ta kwantar da kunnenta a kan ɗaya, tana jira.

"Ga ƙarata. Kati shi ne igiyar da ke tsakanin littafi da gidansa. Yau da hantsi, duk katin da kika yaga, littafinsa ya yi shiru a tsakiyar magana ya faɗo. Wannan yarinyar tana jiran ta ji ko tulun ya cika."

Sahura ta kalli hannuwanta. Da su ta yi. Can ta share fuska ta faɗi abin da ke tafe da ita: jibi za a zo ƙidaya, in littattafan nan ba sa kan kanta, ɗakin yara ya zama sito, inda za a tara karyayyun kujeru da mataccen esi.

Sarauniya ta rufe ido, kunnuwanta suka kwanta. Da ta buɗe sai ta ce, "Don darajar mai muryar, zan ba ki zaɓi. Mayafin nan nawa yana iya ɓoye littafi ɗaya tak daga kogi. Ki zaɓi wanda kike so, ki kai shi gida da muryar a ciki, ki ji ta safe da yamma har ƙarshen ranki, sauran su zama namu. Ko kuma ki kwashe duka, ki cika kantocinki, amma kogi zai karɓi nasa. Ƙofar da kika shigo kuwa ba ta buɗe wa mutum sau biyu."

Kai jama'a. Ni da nake ba ku labarin ma sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Sahura ta roƙi a bar ta ta ji labari ɗaya har ƙarshe. Aka bar ta. Ta zauna cikin yaran aljanu a ƙarƙashin Kura a Shagon Tela, ta naɗe ƙafa yadda take yi tana 'yar firamare. Kura ta gwada riga, aljihu ya yage, cinyar rago ta faɗo a gaban mai ragon. Yaran suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, da majina da komai. Ta hango littafin a kan gadonta a gida, kullum bayan sallar asuba tana buɗewa. Daɗi kamar me. Sai kuma ta hango ƙofar ɗakin yara da kwaɗo, da 'yan yaran da har yanzu sukan leƙo su ga kantoci wayam su juya. Baba bai taɓa karatu ga mutum ɗaya ba. Ko ita, in ta ce ya karanta mata a gida, cewa yake, "Bari Asabar, Uwata, a ji da kowa."

Ta miƙe. "Ranki ya daɗe, duka zan kwasa."

Wani gunji ya tashi a cikin taron. Sarauniya ta ɗaga hannu. "'Ya'yanmu fa?"

"Zan cire katakon. Zan shimfiɗa tabarmi ranar Asabar." Ta haɗiyi yawu. "Amma ni ba ni da muryarsa."

"Ba mu ce ki zama shi ba. Karatu muka ce ki yi." Sarauniya ta nuna bishiyar. "Sai dai littattafan ba sa saukowa da hannu. Yadda kuke kira a gidanku, haka za ki kira su."

Aka kawo buhu aka buɗe. Aka fara zuba na kan tabarma, waɗanda suka riga suka yi shiru. Sahura ta fito da katuna, ta gyara gilashi. Ta zaro na farko.

"Jirgin Kwano."

Bishiyar ta yi tsit. Sai daga wani reshe can sama, daidai tsayin tsani, muryar ta amsa:

"Akwai, Uwata."

Littafin ya rufe kansa, ya sauko a hankali kamar ganye, ya shige buhu.

Ba ta san yadda ta kira na biyu ba. Amma ta kira. "Akwai, Uwata." Na uku. "Akwai, Uwata." Wani da dariya a ciki, wani da ɗan tari, wani kamar yana riƙe da fensir a baki, yadda yake yi in hannunsa ya cika. Ta dinga ja, tana jinkirtawa tsakanin kati da kati, ba wanda ya ce ta yi sauri. Masu Kunne duk sun sunkuyar da kai. Rassa suka yi ta zama wayam.

Kati na ƙarshe. "Kura a Shagon Tela."

"Akwai, Uwata."

Wannan ba ta bari ya shiga buhu ba, ta cafe shi a hannu. Ta shafa bangonsa, inda ita da kanta ta taɓa zana kura da biro ta sha faɗa. Sannan ta je gaban Sarauniya ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu.

"Wannan aro na ba ku, ranki ya daɗe. Aro na gaskiya, ba irin naku ba."

Sarauniya ta dube ta. "Kin gane ba za ki sake jin sa ba?"

"Na gane. Amma zan san yana wani wuri yana magana, kuma ana dariya."

Ta fito da hatimin kwanan wata don ta buga ranar dawowa, ta juya shi, ta juya, ta rasa ranar da za ta sa. Ta mai da shi jaka. "Ku dawo da shi ranar da kuka gaji da ji."

A karo na farko Sarauniya ta yi murmushi. "To ki riƙe katinsa da kyau, 'yar Sallau."

A cikin ƙwarya, buhun na kan cinyarta yana ta gunaguni, labarai na hawa kan juna kamar gidan biki daga nesa. Ta rungume shi. Da suka kai tsakiyar kogi sai sautin ya fara raguwa, kamar rediyon da batirinsa ke mutuwa. Waƙar kurciya ce ta rage a ƙarshe. Ita ma ta tafi. Matuƙin ya juya dogon wuyansa yana kallon wani gefe, kamar akwai abin kallo a can.

Komawa ba ta yi wuya ba. Tsohon kan tsani ya ɗaga mata hannu: "Saura kaɗan!" Gara kuwa duk sun baje suna barcin ƙoshi, Sarki na gyatsar yaji. A bakin matattakala Jakadiya ta sauka daga kafaɗarta. "Sai Asabar. A ajiye mana layin gaba. Kuma ki daina ɗaga wa dangina silifa."

Sahura na fitowa durowar ta koma 'yar kamu ɗaya, ƙwas. Sai ga Hashimu ya shigo da kofin shayi yana tururi. Ya ga buhu, ya ga littattafai, ya ga auduga a ƙafar Anti.

"Anti! Ina kika... ni fa yanzu na fita!"

"Ajiye shayin nan. Ɗauko guduma ka hau ka cire katakon can. In ka sauko ka nemo salatif, akwai katunan da za mu liƙe."

Ranar Litinin masu ƙidaya suka iso, da kwamfutarsu da fuskar mutanen da suka riga suka auna ɗakin don sito. Babbansu yana kira, Hashimu na kan tsani. Akwai. Akwai. Akwai. Hashimu har da yanga yake amsawa, kamar shi ya rubuta littattafan. Har aka zo kan wani kati.

"Kura a Shagon Tela."

Hashimu ya duba, ya sake dubawa. Ya buɗe baki zai ce babu. Jami'in har ya kama katin da yatsu biyu zai yaga. Sahura ta ɗora hannunta a kai.

"Bai dawo ba tukuna, Yallaɓai."

"Wa ya ara?"

"Maƙwabta ne. Suna kula da shi."

Ya kalle ta, ta kalle shi ta saman gilashi. Ya saki katin. Ɗakin yara ya tsira.

Asabar da hantsi ta shimfiɗa tabarmi. Yaran ba su da yawa, su ma Hashimu ne ya kwaso su daga layi da alkawarin alawa. Ta ɗauko Tulun Da Ya Ƙi Cika, don akwai mai jiran ƙarshensa. Ta buɗe. Ta ɗaga kai ta kalli 'yar tagar sama, sai ta ga hasken ya ɗan ragu, kamar an cika wurin ana turereniya. Ta fara karantawa, murya can ƙasa.

Wata yarinya mai kitso biyu ta ɗaga hannu. "Malama, ba a ji."

Sahura ta gyara zama, ta yi ɗan tari don ta buɗe murya. Ehem.

Sai ta tsaya cak. Ta san tarin nan.

Ta juya shafi, ta ɗaga murya, ta ci gaba.

To jama'a, ga ni ga ku. A ce kai ne a gindin bishiyar nan, ko ke ce, ga mayafin Sarauniya a miƙe, ga buhu a buɗe, muryar wanda kuka fi kewa a duniya tana sama tana magana. Littafi ɗaya da murya za ku rungume ku kai gida, ko buhun za ku ɗauka? Kar wanda ya zo yana yi mini jarumta, kowa ya faɗi tsakaninsa da Allah. Masu karantawa su wuce sumul, har da ku nake.